Maganin da Na Ɗauke wa Malam

Soron Ɗinki, Kano.

Zuwa ga ɗana Halifa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, tare da roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka Fatakwal lafiya, ya tsare gabanka da bayanka, ya haɗa ka da mutanen kirki a sabon wurin aikinka. Ummanku za ta sa ta a ƙasan jakarka, saboda haka ba za ka gan ta ba sai ka kwance kaya. Haka nake so. Ba zan cika ka da labarin gida ba, tunda yanzu ka baro shi.

Za ka yi mamakin wasiƙa daga mutumin da kake durƙusawa ka gaisar a soro kullum safiya. To ka san yadda muke ni da kai. Shekara talatin da huɗu, hirarmu ba ta cika wuce "An tashi lafiya?" da "Lafiya lau, Baba" ba. Kai ne ɗan fari, ga shi sunan mahaifina ka ci, ko sunan naka ban taɓa kamawa ba. Sau uku a makon nan ina kiran ka da niyyar magana, sau ukun ina ɓigewa da tambayar ƙarfe nawa motarku za ta tashi. Abin da baki ya kasa, bari alƙalami ya gwada.

Ranar Litinin ka kawo min jamfarka mai ruwan toka in gyara maka bakin aljihu. Maɗinki ba ya sa allura a aljihu sai ya zazzage shi. Na sami katin ƙwayoyin magani da 'yar takardar likita a naɗe. Biyu kacal aka ɓalle, takardar kuwa ta kusa wata biyu da rubutawa. Ban nemi wanda zai karanta min ba, don irinsa ne a ƙarƙashin matashin kaina. Na tsare Ummanku, ta yi ta kwana-kwana, daga baya ta fito da zancen: a awon lafiyar da aka yi maka kafin a ɗauke ka aiki, sau uku aka auna ka a ranaku daban-daban, duka jinin yana sama. Ka ce mata zafin rana ne da cunkoson hanya, kuma kada ta gaya wa Baba.

Ban yi fushi da kai ba. Kunya ce ta kama ni, don barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A wurina ka gaji wannan hali, ko da yake ban taɓa zaunar da kai na koya maka ba. Akwai abin da na ɓoye muku kai da ƙannenka game da kakanka Malam, da kuma game da kaina. Yau zan faɗa maka, kuma ba don ka tausaya min ba. Ina so ne ka buɗe katin nan ka haɗiyi ƙwaya ɗaya kafin ka kai ƙarshen takardar.

Kai Malam ɗin da ka fi tunawa shi ne tsohon da ke zaune a ɗakin ƙurya yana naɗe bakin zanen gado yana warwarewa. An ce muku gigin tsufa ne, kuka yarda. Amma kafin nan mutum ne da ake tasowa daga unguwanni a kawo masa babbar riga. Yakan zana aska takwas a kan yadi ba tare da ya dubi samfur ba. Shi ne kuma limamin masallacin layinmu. Abin da aka san shi da shi, har ɗalibansa na faɗa suna alfahari, shi ne riƙon alwala. Yakan yi ta azahar ya zauna a masallaci yana ba da karatu, ita za ta kai shi la'asar, wani lokaci har magariba.

Kana ɗan shekara huɗu ya yi wani ciwon kai da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Na kai shi asibiti, aka ce hawan jini ne, aka ba shi magani a ce ya riƙa sha kullum, mu koma bayan wata guda. Ciwon kai ya tafi. Sai dai maganin irin mai sa yawan fitsari ne. Malam ya koma yana katse karatu yana ɗaukar buta, sau biyu sau uku tsakanin azahar da la'asar. Wata rana ana shirin tayar da iƙama dole ta sa ya miƙa wa ladaninmu, Malam Garba, sallar, ya fita ta gaban mutane kansa a sunkuye. Da yamma ina ɗinki a soro ya tsaya a kaina, bai dube ni ba, ya ce, "Sani, maganin nan naku ba ya barin buta ta huta."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma ga mutum irin Malam wannan kuka ne babba.

Ranar komawa asibiti ta zo. Ni ne bakinsa, don Malam ba ya yi wa likita dogon bayani. Likitan saurayi ne, ga wata nas a tsaye a gefe. Ya auna, ya ce jini ya sauka, madalla. Sai ya tambaya, "Baba, akwai wata damuwa da maganin yake ba ka?" Malam ya dubi ƙasa. Likita ya juyo gare ni. Halifa, ta yaya zan buɗe baki in yi zancen fitsarin mahaifina, yana zaune, a gaban nas sa'ar 'yar cikinsa? Na ce, "Babu komai, likita, sai godiya."

A hanyar gida na yanke shawarar da nake ganin ta ɗa nagari ce. Na shiga ɗakinsa na kwashe maganin daga kan taga, na ce, "Malam, ai ka warke, likita ma ya ce jini ya sauka. A bar wannan haka." Na haɗo masa tafarnuwa da zoɓo da garin zogale, na ce su ma suna yi. Fuskarsa ta washe. Ya ɗora hannu a kaina ya sa min albarka mai tsawo. Albarkar nan na daɗe ina taƙama da ita, yanzu kuwa in na tuna ta sai in rasa inda zan sa kaina.

Ga nasihata ta farko. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In maganin nan yana sa ka jiri, ko tari, ko yawan zagayawa, ko wani abin da maza ke raɗawa a majalisa wanda ba zan rubuta maka ba amma ka san shi, ka koma wurin likita ka faɗa masa da sunansa. Ko mace ce, ko sa'ar ƙanwarka ce, ka faɗa. Kunya ado ce a gaban surukai, amma ba a shiga da ita ɗakin likita. Kuma kada ka bari saukar jini ta ruɗe ka. Maganin ne ya saukar da shi, ranar da ka daina zai koma inda yake.

Abin da ya ƙara ɗaure min gindi shi ne Malam bai kwanta ba. Shekara ta zo ta wuce, goma ta wuce, yana limancinsa yana ɗinkinsa. Har nakan ba abokai labari a bakin shago cewa ni na raba mahaifina da ƙwayar asibiti, ga shi nan garau. Allah kaɗai ya san mutum nawa suka ajiye nasu maganin saboda bakina. Ban san ciwon nan ba ya sallama ba, aikinsa yake yi a ciki mutum yana yawo yana dariya.

A ɗinki abin ya fara nunawa. Wani Alhaji daga Shahuci ya kawo riga, Malam ya zana ya fara aiki. Da na ɗaga ta sai na ga askar ɓarin hagu ta kalli inda bai kamata ba, kuskuren da ko sabon shiga ba zai yi ba. Na faki idonsa. Na ɗauke ta na warware na sake, na mayar inda ya ajiye. Haka na riƙa yi. Yana ɗinkawa ina bi ina warwarewa, masu riguna suna karɓa suna cewa hannun Malam ba ya tsufa.

Daga nan sai salla. Ya fara tsayawa a tsakiyar surar da ya fi shekara sittin yana karantawa. Ka san in liman ya sarƙe, na bayansa ke buɗe masa, in ya yi rafkanwa a ce masa subhanallah. Wurin nan na bayan liman na Malam Garba ne tun ina yaro. Na riƙa riga shi zuwa ina tsayawa a nan, har ya haƙura ya matsa gefe. Na zama ni ne ƙwaƙwalwar Malam a salla. In ta bayyane ce, ina jiran ya yi jinkirin numfashi ɗaya in jefa masa ayar. In ta ɓoye ce, ina da ɗan gyaran murya da nake yi masa ya san raka'a ta nawa muke. Kusan shekara biyu ban yi salla ɗaya da hankalina a wurin Ubangijina ba, yana kan ƙeyar mahaifina.

Mutane ba makafi ba ne. Wata rana bayan azahar Malam Garba ya ja ni gefe wajen randar alwala, ya ce, "Malam Sani, don Allah a kai Malam asibiti mana. Abin nan fa ba gajiya ba ce."

Na ce, "Kai dai tsaya a kiran sallarka. Gidanmu ba a rasa masu hankali ba."

Goggonka Rabi ma ta zo daga gidanta ta same ni. Ka san ta, ba ta tauna magana. Ta ce, "Yaya, Malam ya tambaye ni sau uku yau ko an sa ranar aurena. Ni da nake da jika. Me kake jira?" Na ce mata tsufa ne, kowa ya daɗe zai gani, kuma kada in ji zancen a bakin matan unguwa. A raina abin da nake tsoro ɗaya ne, kada a ce limamin layi, Malam guda, ya taɓu. Sunan gida nake karewa, ina kiran abin biyayya.

Ranar da asiri ya tonu la'asar ce, masallaci cike. Muka miƙe raka'a ta uku, Malam ya tsaya. Aka yi ta tsayuwa. Na yi gyaran murya, bai motsa ba. Na ce subhanallah, na sake, wasu ma suka taya ni. Sai ya juyo gaba ɗaya, ya ba alƙibla baya, ya dubi sahu-sahun mutane hannuwansa a sake, ya ce da ni a hankali, "Sani, me muke yi ne a nan?"

Malam Garba ya shiga gaba ya ƙarasa wa mutane sallarsu. Ni na kama hannun Malam muka ratsa sahu muka fita, na sa masa takalmi. Babu wanda ya yi dariya. Wannan tozarcin da na shekara biyu ina guje masa, ni na kai shi gare shi da hannuna, don da na bari ya sauka tun farko da ya sauka da girmansa.

Nasiha ta biyu ke nan. Rufin asiri abu ne mai kyau, da shi muke zaune a cikin birnin nan. Amma ana rufa wa mutum asiri ne a kan talaucinsa ko kuskurensa. Wanda ya rufa wa ciwo asiri, ciwon ya taimaka wa. Kai ma da ka ce kada a gaya wa Baba, na san nufinka kada hankalina ya tashi. Ni ma nufina ke nan a kan Malam, ga inda ya kai mu.

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Maimakon asibiti sai na shigar da shi ɗakin ƙurya. Ɗalibansa su zo gaisuwa in ce yana barci. Ya saba da mutane, sai ya riƙa fita neman su. Wata rana da hantsi muka neme shi muka rasa, sai wajen azahar wani mai adaidaita sahu ya kawo shi, ya ce a Ƙofar Nassarawa ya gan shi ƙarƙashin gadar sama, yana tambayar masu wucewa ko jakunan gona sun shigo. Washegari na sa kwaɗo a ƙofar soro. Mahaifina, a gidan da ya gina, yana jijjiga ƙofa yana cewa a buɗe masa zai makara salla, ni ina ciki ina ɗinki kamar ban ji ba.

Na kuma yi abin da ya fi wannan muni. Zuciya ta raya min cewa sammu ne, kuma wa zai yi in ba wanda ya gaji limancin ba? Shekara guda cur ban amsa sallamar Malam Garba da sakin fuska ba. Mutumin da ya fara gaya min gaskiya, shi na ɗora wa laifi. Na je na nemi gafararsa daga baya, ya ce shi bai ma riƙe ni ba. Yafiyar tasa ta fi zagi yi min ciwo.

Goggonka ce ta karya kwaɗon, kusan in ce. Wata safiya hannun Malam na dama ya saki, kofin koko ya faɗi. Ta zo ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Yaya, ko ka kira mota ko in fita in tara maka unguwa." Muka tafi. Likitar da ta gan mu mace ce, mai natsuwa. Aka ɗauki hoton kansa. Ta tambaya ko an taɓa ce masa yana da hawan jini. Goggonka ta zaro tsohon katin asibitin daga jakarta, ashe ta tsince shi a akwatin littattafansa. Likita ta dubi katin ta dube ni.

"Tun wannan lokacin wane magani yake sha?"

"Ya daina, likita."

"Wa ya ce ya daina?"

Na ce ni ne. Ta tambayi dalili. A ranar, da furfurata, na faɗi maganar da na kasa faɗa tun farko, Malam yana zaune yana wasa da carbi bai san ma zancensa ake ba. Ta ajiye biro ta ce, "Malam Sani, ai maganin hawan jini kala-kala ne. Da kun faɗa, a ranar za a canza masa wani."

A ranar. Kalma ɗaya da na buɗe baki na yi, da an canza.

Ta yi mana bayani yadda zan gane, da ta ji sana'ata. Ta ce a cikin ƙwaƙwalwa akwai jijiyoyin jini da suka fi zaren da nake ɗinki da shi siranta, su ke kai mata abinci. In jini ya daɗe yana bugun su da ƙarfi sai su yi tauri su ƙuntace, wasu su toshe. Duk wadda ta toshe, ɗan wurin da take ciyarwa sai ya mutu, mutum bai ji komai ba. Yau kaɗan gobe kaɗan, sai a wayi gari lissafi ya tafi, hanya ta ɓace, sunaye su bi. Ta ce ba za ta rantse min cewa hawan jini kaɗai ne ya jawo wa Malam ciwon mantuwa ba, don akwai masu kamuwa da shi ta wasu hanyoyi, akwai kuma masu hawan jinin da ba sa kamuwa. Amma abin da ta gani a hoton irin ɓarnarsa ce, kuma wanda ya riƙe jininsa tun yana tsakiyar ƙarfinsa ya rage wa kansa haɗari sosai. Abin da ya riga ya mutu kuwa ba ya dawowa.

Kafin mu fita ta ce in miƙo hannuna. Ta auna, ta sake aunawa, ta ce in dawo jibi. Na dawo, haka dai. Ta rubuta min nawa.

Yanzu za ka ce to ai gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, Baba ya riƙe magani hannu bibbiyu. Ina fa. Nan ne kunyata ta fi yawa, don a kan Malam ina iya cewa jahilci ne, a kaina kuwa ba ni da abin faɗa. Na sha na wata uku. Daga nan sai ranar da kaina ya sara. In azumi ya zo in ajiye shi gaba ɗaya, ban taɓa tambayar likita yadda ake sha tsakanin buɗa-baki da sahur ba, alhali akwai yadda ake yi. Ina zaune wuri ɗaya daga safe zuwa yamma, ƙafa a naɗe, allura a hannu. Balangu da yaji ba ya wuce ni. In Ummanku ta rage gishiri da dunƙule a miya sai in ture kwanon in ce yau kuma makokin wa ake yi? Na ɓoye muku, na ɓoye wa abokai, don kada a riƙa yi min kallon mai lalura. Wai ni mai ƙarfi.

Malam ya yi shekara huɗu bayan nan. Kana jami'a lokacin, hutu kawai kake gani. Ni nake masa wanka, ni nake ba shi abinci a baki. Wata rana na gama shafa masa mai a ƙafa, ya dube ni da fara'a irin wadda yake yi wa baƙi, ya ce, "Allah ya yi wa iyayenka albarka, bawan Allah. Ɗan gidan wa ne kai?" Na ce masa ɗan gidan Malam ne. Ya ce, "Ka gaishe shi." Har ya koma ga Allah bai sake kiran sunana ba. Na fita soro na yi kuka, sannan na aika aka sayo min tsire. Ka ji irin mahaifin da kake da shi.

Saura abin da babu wanda ya sani sai Ummanku. Bara, bayan sallar layya, na tafi Shahuci kai wa wani riga. A dawowa na shiga lungun da na fi shekara hamsin ina bi, sai na tsaya. Ban san dama zan yi ko hagu ba. Katangun na san su, ƙofofin na san su, amma na kasa haɗa su su zama hanya. Wata tsohuwa ta wuce ta ce, "Malam Sani, lafiya kake tsaye a rana?" Na ce wani nake jira. Na kai kusan rabin awa a jingine kafin abin ya sake ni. Bayan nan na je Kurmi sayen zare sau biyu ina dawowa hannu rabbana, na manta abin da ya kai ni. Awon mutum da nake riƙewa a ka tun ina saurayi, yanzu sai na rubuta.

Wannan karon ban jira an tara min unguwa ba. Na ce wa Ummanku ta raka ni. An yi min tambayoyi, an ɗauki hoton kai. Likita ya ce akwai 'yan tabo ƙanana, abin bai yi nisa ba. Na tambaye shi ko zan zama kamar mahaifina. Ya ce wannan sanin na Allah ne, amma in na riƙe jinin yanzu akwai fatan a rage masa gudu. Ya ce da na riƙe shi tun ranar da aka fara gaya min, da wataƙila ba mu zauna muna wannan magana ba. Yanzu Ummanku ke riƙe da ni. Ita ke miƙo min ƙwayar bayan asuba ta tsaya sai na haɗiye, kamar mai ba akuya magani. Miya lami nake ci ina godiya. Bayan la'asar ina takawa har Ƙofar Nassarawa in dawo, da takarda mai sunan unguwa da lambar wayarta a aljihuna.

Kai kuwa, Halifa, kana wurin da nake fatan a mayar da ni. Babu abin da ya lalace tukuna. Ka nemi asibiti ɗaya a can ka buɗe kati tun makon farko, kada ka zama mai bin kyamis ana auna ka a tsaitsaye. Ka sayi na'urar awo ta gida, ba ta fi ƙarfinka ba. Na san abincin wanda iyalinsa ba su iso ba, taliyar leda da nama mai yaji a bakin titi, ka yi masa linzami. Ka riƙa taka ƙafa, kada kujerar ofis ta yi maka abin da tabarmar soro ta yi min. Ka gaya wa matarka Maryam gaskiya kafin ta biyo ka, don mace in ta san abu ta fi likita naci. Masu cewa in ka fara sha ba ka dainawa, gaskiya suka faɗa, sai me? Abinci ma tun da ka fara ba ka daina ba. Kada kuma wani ya ruɗe ka da sunan tawakkali. Malam da bakinsa ya karantar da mu cewa neman magani ba ya cin karo da dogaro ga Allah, ni ne na toshe kunne.

Sai roƙo ɗaya a kaina. In Allah ya ƙaddara abin ya ci gaba, kai ne babba, a hannunka zan faɗo. Kada ka yi min irin biyayyar da na yi wa Malam. In ka ga na fara ɓata wa mutane riguna, ka karɓe allurar, ko zan yi faɗa. Ka kai ni asibiti ko ina zagin ka. Ka gaya wa mutanen layi abin da ke damuna da sunansa, don wanda ya gan ni a hanya ya kamo hannuna ya kawo ni gida. Masu zuwa gaisuwa ka bar su su shigo, ko ban gane su ba. Na yafe maka tun yanzu duk abin da zan faɗa maka a lokacin, kai ma ka yafe min.

Kwana uku na yi ina rubuta wannan takarda, kaɗan-kaɗan tsakanin aiki. Ɗazu da hantsi na ba Ummanku ta duba min kafin a rufe. Ta daɗe tana karantawa a bakin ƙofa, sai na ga ta ware shafi biyu ta riƙe su a hannu ɗaya. Na ce mene ne? Ta miƙo min. Labarin ranar da na kwashe maganin Malam daga kan taga ne, na rubuta shi ranar Talata, na sake rubuta shi ranar Laraba daga farko har ƙarshe, kusan kalma da kalma. Na duba, hannuna ne duka biyun. Wallahi ban tuna na rubuta na farkon ba.

Na cire ɗaya, ta ce ita za ta ajiye. Katin maganinka yana cikin ambulan ɗin nan. Ka sha, ɗana, yau ɗin nan, tun ina iya sanin cewa ka sha.

Allah ya tsare min kai a inda kake, ya kare ka daga sharrin hanya da na mutane, ya ba ka lafiya mai amfani, ya bar maka hankalinka har ƙarshen kwanakinka. Allah ya jiƙan Malam, ya yafe min abin da na yi masa. Ummanku da Goggonka Rabi da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sani na Malam.